Dutse A Gaban Alƙali

Duk wanda ya taɓa shiga zauren shari'a, ko da kallo ne ya kai shi, ya san alƙali ba ya karɓar shaida kara zube. Sai ya bincika wane ne mashaidin, mene ne haɗinsa da mai ƙara, ko akwai jiƙaƙƙiya tsakaninsa da wanda ake ƙara, sannan ganau ne shi ko jiyau. Wannan shi malamai ke kira tazkiya. Dalilinta kuwa ba ɓoyayye ba ne, domin ɗan Adam yana da ciki, yana da dangi, yana da tsoro, ga shi kuma da mantuwa. To akwai wani mashaidi da masana suka daɗe suna titsiyewa da tambayoyi, wanda ba shi da ciki balle a toshe masa baki, ba shi da suruki balle ya ji nauyi, kuma abin da ya gani shekara miliyan hamsin da suka wuce yana nan a wurinsa kamar jiya aka yi. Mashaidin nan shi ne dutsen da ruwa ya shimfiɗa.

Abin da ya sa na ɗauko zancensa wata magana ce da ta zama ruwan dare a majalisun Fagge da rumfunan kasuwar Sabon Gari, har ma da ɗakin malamai na makarantu irin wadda nake koyarwa. Da zarar an ce zafin bana ya fi na bara, ko damina ta rikice, ko an ambaci hayaƙin masana'antu, sai wani ya gyara zama ya ce, “Haba Malam, ba ku ne kuke koya wa yara cewa da can Sakkwato teku ce ba? To wace masana'anta ce ta ƙafar da ita? Duniya dama juyi-juyi ce, mu bar wa Allah ikonsa.” Mai wannan magana ba jahili ba ne, kuma rabin abin da ya faɗa gaskiya ce tsantsa. Tambayar da nake so mu duba tare da mai karatu ita ce: idan ta tabbata cewa sauyin yanayi ya girmi ɗan Adam, shin wannan ya wanke mu daga abin da hannayenmu ke yi?

Bari mu fara jin mashaidin kafin mu yi gardama a kansa. Mai haƙar rijiya ya san shi tun kafin ɗan boko ya ba shi suna. Yana sara zai wuce jigawa, ya tarar da jar ƙasa, ya shiga yumɓu, ya ci karo da tsakuwa, kowace da launinta da taurinta, kuma bai taɓa shakkar cewa ta ƙasa ta riga ta sama kwanciya ba. Haka ruwa yake aiki. Kogi ya ɗebo yashi da laka ya zube a tafki ko teku, na baɗi ya hau kan na bana, nauyi ya danne su, a kwana a tashi su zama dutse mai hawa-hawa kamar shafukan littafi. Magabatan malamai sun lura da haka. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin yadda teku kan bar shimfiɗa a kan shimfiɗa idan ta janye, Albiruni kuma da ya ga yadda duwatsun filayen Indiya ke ƙanƙancewa daga gindin tsaunuka zuwa bakin teku, sai ya ce wurin da can teku ne koguna suka cike shi. Na kawo su ne saboda masu zaton wannan ilimi baƙo ne a gidanmu.

Mu a Kano littafin namu ba shi da shafuka da yawa, don kuwa birnin yana zaune ne a kan tsohon fa mai tauri, Dala da Goron Dutse kuma marmara ce ta lulluɓe su. Wanda ke son karatu sosai sai ya nufi ƙasar Sakkwato. A Kalambaina, inda masana'antar siminti ta fara aiki a 1967, farin dutsen da ake fasawa cike yake da ɓawon halittun teku, waɗanda suka rayu suka mutu a nan kusan shekara miliyan 60 da suka wuce, a wurin da yau sai ka yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ka ga ruwan gishiri. A ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar da masana suka raɗa wa sunan garin Dange, mai ɗauke da ƙasusuwan kifaye da sinadarin fosfat. Can ƙasa kuma akwai ta Dukamaje, wadda daga cikinta aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku. An fara bayyana shi ga duniyar ilimi a 1930, a 1972 kuma aka sa masa suna Goronyosaurus, watau an yi masa laƙabi da Goronyo. Teku ce ta malalo daga arewa ta ratsa inda Sahara take yanzu, ta zo ta koma fiye da sau ɗaya. Ashe mutumin majalisa bai yi ƙarya ba.

Ƙashi da ɓawo ido na ganinsu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shaidar da ido ba ya gani, wadda sai an niƙa dutsen an kai shi ɗakin gwaji. Iskar oksijin da ke cikin ruwa iri-iri ce, akwai marar nauyi da masana suka sa wa lamba 16, akwai mai ɗan nauyi da suka sa wa 18. Idan rana ta bugi tafki, ruwan da ke ɗauke da marar nauyin shi ke saurin tashi, mai nauyin ya yi saura. Uwargida ta san irin wannan a madafa: miyar da ta daɗe a wuta ruwanta ke tafiya, gishirinta ya tsaya, har ɗanɗano kawai ya isa ya gaya mata tsawon zaman tukunya a murhu. To 'yan mitsi-mitsin halittun da ke cikin tafkin da wannan ruwa suke gina ɓawonsu, saboda haka wanda ya rayu a shekarun fari ɓawonsa zai fi yawan mai nauyin, wanda ya rayu a shekarun ruwa kuwa akasin haka. Ya mutu ya nutse, laka ta rufe shi da labarinsa. Wani masani Ba'amurke, Harold Urey, shi ya nuna a 1947 cewa ana iya auna yanayin zamanin da ya shuɗe ta wannan hanya. Tun daga nan aka gane cewa kowane sinadari da irin bakinsa. Gishirin jibsin da ke shimfiɗar Dukamaje yana cewa ruwa ya taɓa tsukewa a nan yana ƙafewa. Baƙar laka tana cewa iska ta yanke a gindin ruwan. A garin Gubbiyo na Italiya kuwa, wani siririn layin yumɓu da bai wuce kaurin ɗan yatsa ba ya nuna yawan ƙarfen iridiyam, wanda ya yi ƙaranci a doron ƙasa amma ya yawaita a duwatsun sama, shi ne a 1980 Luis Alvarez da ɗansa Walter suka ce wani ƙaton dutse ya faɗo wa duniya. Yau ana lissafa abin a shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma daga wannan layi ba a sake ganin dangin ƙadangaren Goronyo ba a ko'ina.

Mu dawo kusa da gida, kusa kuma da zamaninmu. A arewacin Jihar Yobe, tsakanin tuddan rairayi na ƙasar Manga, akwai wani kwari mai ɗan tafki da ake kira Kajemarum. A shekarun 1990 wasu masana daga Birtaniya suka soka bututu a gindinsa suka zaro laka, wadda dutse ce da bai gama nuna ba, suka bi ta daki-daki suna auna ɓawo da ƙura. Sakamakon da suka buga a 2000 ya ƙunshi shekara 5,500. Ya nuna ƙurar hamada ta fara ƙaruwa kimanin shekara 4,700 da suka wuce, ruwan damina ya ja baya bayan shekara 4,100 bai sake komawa yadda yake ba, sannan daga wajen shekara 1,500 aka shiga zamanin fari mai cin gomman shekaru, wani ma ya kai ɗari. Kafin duk wannan, kimanin shekara 7,000 da suka wuce, Tafkin Cadi ya fi murabba'in kilomita 300,000, kuma dogon tudun yashin da ya bi ta Maiduguri da Bama tsohuwar gaɓarsa ce. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, ya kai shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita takwas. Kai, hazon da ke hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano, ya bi ya lulluɓe kayan 'yan Kantin Kwari, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, kuma busasshen gindin wancan tafki ne, garin ɓawon ƙananan tsirran ruwa. Duk hunturu muna share tsohon tafki daga kan teburanmu.

A nan dole a yi wa mashaidin adalci, domin akwai waɗanda ya wanke. Lokacin farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, an ɗora laifin a kan talaka. Aka ce Bafulatani ne ya tara shanu suka cinye ciyawa, aka ce mai faskare ne da matar da ke hura murhu suka jawo hamada, har wani masani mai suna Jule Charney ya kawo bayani a 1975 cewa ƙasar da aka tsiraita ita ke korar hadari. Mun karanta wannan a littattafan makaranta, an yi ta wa'azinsa a rediyo. Lakar Kajemarum ta zo ta ce an yi farin da ya fi wannan daɗewa tun ba a san yawan jama'a irin na yau ba. A 2003 kuma binciken Alessandra Giannini da abokan aikinta ya nuna cewa ɗumi da sanyin ruwan tekuna su ne babban abin da ke juya daminar yankinmu, wasu binciken suka ƙara da cewa hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka ya sanyaya arewacin tekun Atlantika a waɗannan shekaru, ya taimaka wajen tura hadari kudu. Sare itace ɓarna ce, ba na musu, yana kashe ƙasa yana kawo zaizaya. Amma an tuhumi makiyayi da hana ruwan sama sauka, alhali abin ya fi ƙarfin sandarsa, kuma har yau ban ji wanda ya ba shi haƙuri ba.

To shi ke nan mun kuɓuta? A nan ne nake rabuwa da abokina na majalisa. Mutuwa ta girmi kowane mai kisan kai. An yi ta kafin a ƙera wuƙa, za a ci gaba da yi ko da an tattara wuƙaƙen duniya an zuba a rijiya. Amma ban taɓa jin alƙalin da aka kawo wa wanda ya soke mutum, ya ce tunda dama kowa zai mutu a sallame shi ba. Haka ba a taɓa karɓar “Allah ne ya ƙaddara” daga bakin ɓarawon da aka kama da akuya ba, ko da yake babu musulmin da ke musun ƙaddara. Kasancewar abu yana faruwa ba da hannunka ba, bai hana wannan karon ya zama da hannunka. Abin da alƙali zai tambaya shi ne, na yau ɗin fa, wa ya yi? Kuma mashaidin da abokina ya kira don ya kare shi, shi ne dai yake da amsar, sai dai bai bari ya gama magana ba.

Ga ragowar maganar. Kimanin shekara miliyan 56 da suka wuce, ba da daɗewa ba bayan kwanciyar dutsen Kalambaina, shimfiɗun teku a sassa da dama na duniya sun nuna iskar kabon mai yawa ta shiga sama, zafin duniya ya ƙaru da digiri 5 ko fiye, ruwan teku ya yi tsami har farar lakar gindinsa ta narke ta koma ja. Babu mutum a lokacin, gaskiya ne. Amma dubban shekaru aka ɗauka ana zuba wannan iska, sannan duniya ta shafe fiye da shekara 100,000 kafin ta warware. Lissafin masana ya nuna saurin da muke zuba tamu yau ya ninka na wancan lokaci wajen sau goma. Kafin zamanin injuna iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan, kuma iskar da ta maƙale a ƙanƙarar ƙarshen kudancin duniya ta nuna ba ta wuce 300 ba cikin shekara 800,000. Yau ta haura 420. Ba a nan ta tsaya ba, shi ma kabon yana da mai nauyi da marar nauyi, kuma wanda ke cikin gawayin ƙasa da man fetur, da yake daga tsoffin tsirrai ya fito, marar nauyin ya fi yawa a cikinsa. Hans Suess ya fara ganin alamar wannan tsohon kabon a jikin itatuwa a 1955, kuma tun daga nan awo yana nuna iskar sama tana karkata zuwa irin nasa. Watau ma'aunin da ya gaya mana Sakkwato teku ce, shi ne ya ga sawunmu a bakin rumbu. Ba daidai ba ne mutum ya gaskata mashaidi da safe don ya yi masa daɗi, da yamma ya ce ai dutse ba ya magana.

Sai dai akwai abin da dutse ba zai taɓa faɗa ba, kuma a ganina nan ne zancen ya fi nauyi. Dutse bai san zalunci ba. A wurinsa ƙashin ƙadangaren Goronyo da ƙashin yaron da yunwa ta kashe duk sinadari ɗaya ne. Zai gaya maka an yi fari, ba zai gaya maka wa ya ci wa ya kwana da yunwa ba. Dubi Kakalaba, yunwar da ta auka wa ƙasar Kano bayan daminar 1913 ta gaza. Idan an tono lakar wani tafki ƙila a ga alamar ƙarancin ruwa a daidai wannan wuri. Ba za a ga cewa jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ba, ba za a ga yadda aka ruɗu da kuɗin gyaɗa a 1912 ba, ba kuma za a ga Bature yana neman haraji da tsabar kuɗi daga manomin da rumbunsa ya ƙare ba. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Katsina, ya cika littafi guda a 1983 yana nuna cewa fari daga sama yake zuwa, amma kafin ya zama yunwa sai ya bi ta hannun mutane. Saboda haka wanda ya ɗauki shaidar dutse a matsayin hukunci ya haɗa aikin mashaidi da na alƙali, kuma ko a kotun ƙauye ba a yin haka. Mashaidi ya faɗi abin da ya gani ya koma ya zauna. Auna haƙƙi, da sanin wa aka cuta, da wa zai biya, wannan ya rage wa mai hankali da zuciya, kuma ba mu da wanda za mu miƙa wa.

Idan an zo rabon laifi kuma ba a yi mana kashi daidai da kowa ba. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa daga mai da gawayi da siminti ba, alhali mu ne a bakin hamada. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ya kamata wakilanmu su riƙa faɗinta da babbar murya a tarukan duniya. Amma ina tsoron yadda muke mayar da ita bargo. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. Ko farin dutsen nan na Sakkwato, duk buhu goma na tsantsarsa da aka gasa don yin siminti, nauyin fiye da buhu huɗu iskar kabon ce ke tashi sama, wadda halittun teku suka ɗaure tun shekara miliyan 60. Ba ina cewa a daina gini ba ne, ni ma a ɗakin siminti nake kwana. Ina dai cewa hannunmu ya fara shiga, kuma akwai wani littafin da mu kaɗai muke rubuta shi, babu Bature ko ɗaya a ciki.

Littafin nan shi ne Jakara. Ta taso daga cikin birni, ta bi ta gefen Fagge da Sabon Gari tana karɓar duk abin da muka ga dama: ruwan kwata, jinin mayanka, baƙin man da makanikai ke zubarwa, ruɓaɓɓen batir, rini, da leda iri-iri. Can gaba Getsi ta same ta da ruwan masana'antun Bompai, su tafi tare su zube a dam ɗin Wasai da ke ƙasar Minjibir, wanda aka gina a shekarun 1970. Kakanninmu majema da bagaruwa suke jima, abin da ya saura ƙasa ta cinye shi. Jimar zamani da sinadarin kuromiyam ake yi, shi kuwa ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Binciken malaman jami'o'inmu ya sha nuna shi tare da dalma da kadmiyam a ruwan nan, da lakarsa, da ganyen da ake nomawa a bakinsa. Wanda yake ganin dalma wasa ce ya tuna Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waɗannan yara ba sauyin zamanin duniya ne ya ɗauke su ba.

Kowace damina Jakara tana kai sabon shafi Wasai, ya kwanta a kan na bara, daidai yadda aka yi a Kajemarum da Kalambaina. Duk ranar da wani ya soka bututu a gindin dam ɗin, zai fara tarar da ƙasar gonakin da ruwa ya cinye, daga nan laka ta fara, kuma zai iya bin ta shekara-shekara. A tafkuna da dama na duniya an ga dalma ta hau a zamanin fetur mai dalma ta kuma sauka bayan an hana shi, mu ma an daina sayar da irinsa a farkon shekarun 2000, don haka yana iya neman wannan gaɓa. Zai nemi inda kuromiyam ya fara yawa, da inda ledar fiya-wata ta fara bayyana, ya ce daga nan zuwa nan mutanen wane zamani ne. Shi wannan mai bututu yana iya jiran shekara ɗari ko dubu, lakar ba za ta je ko'ina ba. Latas da kabeji da alayyahon da ake ban-ruwa da wannan ruwa a Kwakwaci kuwa ba sa jira, da asuba ake yanko su, kafin hantsi sun iso kasuwar Sabon Gari.